Yunwa a Bakin Tafki Mai Kifi: Nazarin Tafiyar Burke da Wills, 1860 zuwa 1861

Da almurun ranar 21 ga Afrilu 1861, mutum uku suka iso wani zango a gaɓar Kogin Cooper, can tsakiyar Ostareliya, da raƙuma biyu waɗanda da ƙyar suke ɗaga ƙafa. Wata huɗu ke nan da barinsu wurin. Sun je gaɓar arewa ta nahiyar sun dawo, sun kuma binne na huɗunsu a hanya kwana huɗu da suka wuce. Suka tarar da zangon wayam. A jikin wata bishiya an sassaƙa kalmar Turanci DIG, wato "tona". Da suka tona sai ga akwatin abinci da takarda: mutanen da suka bari su jira su sun tashi da hantsin wannan ranar, kimanin sa'a tara kafin isowarsu.

Wannan sa'a tara ita ce ta fi zama a bakin masu ba da labarin, kamar ita ta kashe Robert O'Hara Burke da William John Wills. Ba ita ba ce. Bayan wannan daren sun ƙara fiye da wata biyu a raye, a bakin ruwan da ba ya ƙafewa, a ƙasar da al'ummar Yandruwandha, 'yan asalin wurin, ke ci suna ƙoshi tun kaka da kakanni. Na ukunsu, John King, ya rayu a wuri ɗaya da su, da abinci iri ɗaya. Abin dubawa shi ne me ya raba shi da sauran biyun, kuma wane shiri ne tun daga Melbourne ya kai su ga mutuwar yunwa kusa da tafkin da ke cike da kifi.

Wanda aka naɗa madugu

A 1860 yankin Victoria na cikin arzikin zinare, manyan Melbourne kuma suna son a ce mutanensu ne Turawan farko da suka ratsa nahiyar daga kudu zuwa arewa, tafiyar kimanin kilomita 3,250 zuwa Tekun Carpentaria. Maƙwabciyarsu Ostareliya ta Kudu ta riga ta sa ladan fam 2,000 ga wanda ya ratsa, tana kuma da gogaggen matafiyi, John McDouall Stuart, yana ta gwadawa. Saboda haka tun ba a ɗaura siddi ba tafiyar ta zama tsere.

Ƙungiyar masana ta Royal Society of Victoria ce ta kafa kwamitin shirya tafiyar, kwamitin kuma ya zaɓi Burke, ɗan Ailan, tsohon hafsan sojan Ostiriya, a lokacin babban ɗan sanda a garin Castlemaine. Jarumi ne, ba a musu. Amma bai taɓa jan ayari a daji ba, bai iya awon hanya da taurari ba, bai kuma damu da rubuta abin da ya faru kullum ba. Yawancin abin da aka sani na tafiyar daga littafin Wills ya fito, matashin Ingila mai shekara 26 wanda aka ɗauka don awon ƙasa.

A cikin mutum 19 da suka tashi akwai likita, akwai mai zane, akwai masu kula da raƙuma da aka kawo daga Indiya. Babu wanda aka ɗauka don ya koyi harshen mutanen da za a ratsa ƙasarsu, babu kuma jagaba ɗan ƙasa na dindindin. Wannan gurbin da aka bari shi ne asalin matsalar, sauran duk rassa ne.

Kayan da suka hana tafiya

Sun tashi daga filin Royal Park ranar 20 ga Agusta 1860, mutum kusan 15,000 na kallo. Raƙuma 26, dawaki 23, manyan amalanke shida, kaya kimanin tan 20, har da teburin katako da kujeru, da tutoci, da ƙararrawar ƙasar Sin. Amalanke ɗaya ya karye tun ba a fita filin ba. Daren farko a Essendon suka kwana, bakin gari.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi. Wani mai jiragen ruwa, Francis Cadell, ya yi tayin kai kayan ta kogunan Murray da Darling har Menindee, ƙauyen Turawa na ƙarshe kafin daji. Burke ya ƙi, saboda Cadell bai goyi bayan naɗinsa ba. Aka kuma zaɓi ɗaukar busasshen nama maimakon kora shanu masu tafiya da ƙafarsu, abin da ya ƙara nauyi a kan amalanke. Ga damina, ga taɓo. Kilomita 750 zuwa Menindee, wadda keken wasiƙa ke yi cikin mako ɗaya da ɗoriya, ta ci musu wata biyu.

A hanya aka riƙa zubar da kaya don a rage nauyi, cikin abin da aka bari har da ruwan lemun tsami, wanda shi ne rigakafin ciwon da rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke kawowa, mai kumbura dasashi da kashe gaɓoɓi. Mataimakin Burke, George Landells, ya ajiye aiki bayan rigima a kan galan 60 na barasa da ya ce raƙuma na buƙata. Wills ya hau matsayinsa.

Ayarin da aka yanka uku

Daga Menindee Burke ya fara raba mutanensa. Ranar 19 ga Oktoba ya wuce da mutum bakwai da raƙuma 16, ya bar mafi yawan guzuri a baya. Ya ɗauki wani mai kula da gonar dabbobi a yankin, William Wright, ya nuna musu hanya har fadamar Torowoto, sannan ya mayar da shi ya taho da sauran kayan. Suka isa Cooper ranar 11 ga Nuwamba. Ɓeraye suka kore su daga zangon farko, suka koma wanda aka fi sani da Zango na 65, inda bishiyar nan take.

Tsarin da ya dace shi ne a jira Wright, a bar tsakiyar zafi ya wuce, domin a can watan Disamba shi ne ƙuryar bazara. Burke bai jira ba, tsoron kada Stuart ya riga shi. Ranar 16 ga Disamba ya sake yanka ayarin: shi da Wills da King da Charles Gray suka nufi arewa da raƙuma shida da doki ɗaya, aka bar William Brahe da mutum uku a zango. Burke ya ce wa Brahe ya jira wata uku. Wills ya ja shi gefe ya roƙe shi ya yi huɗu. Ba a rubuta ko ɗaya ba.

Ga lissafin da ya kamata a yi kafin a tashi. Guzurin mako 12 suka ɗauka, kwana 84. Zuwa da dawowa kusan kilomita 3,000 ne. Ke nan sai sun yi kusan kilomita 36 kullum, ba hutu ko na yini ɗaya, ba ɓatan hanya, ba rashin lafiya, kafin abinci ya kai su ya dawo da su. Zuwa kaɗai ya ci kwana 59. Sun kai bakin Kogin Flinders gab da tsakiyar Fabrairu 1861, suka ɗanɗani ruwan gishiri, suka ga yana hawa yana sauka, amma laka da surƙuƙin itatuwan bakin teku suka hana su ganin tekun kansa. Abincin da ya rage bai kai na wata ɗaya ba.

A dawowa damina ta same su. Raƙumi dabbar rairayi ne, a taɓo ƙafarsa zamewa take. Aka bar ɗaya a hanya, aka yanka uku aka ci, dokin ma aka harbe shi ranar 10 ga Afrilu. Wani ganye mai ruwa-ruwa dangin fasa-ƙaba da suke tsinka suna dafawa shi ya ɗan riƙe su. Gray ya fara ciwo, sauran suka ɗauka lalaci ne. Da aka kama shi yana shan kunun fulawa a ɓoye Burke ya doke shi. Ya mutu ranar 17 ga Afrilu, suka ɓata yini guda wajen haƙa masa kabari da hannuwan da ba ƙarfi. Tafiyar da aka yi wa guzurin mako 12 ta ci mako 18 cif.

Brahe ya jira mako 18 ɗin nan. Ɗaya daga mutanensa, William Patton, yana kwance, sauran dasashinsu ya fara kumbura, Wright kuwa shiru. Shi Wright bai bar Menindee ba sai 26 ga Janairu, yana jiran kwamiti ya tabbatar da matsayinsa ya kuma aiko kuɗi. Da ya tashi ya faɗa cikin zafi da ƙishirwa, mutum uku suka mutu a hannunsa, cikinsu har da mai zane Ludwig Becker, ya kuma yi arangama da mutanen yankin Bulloo har aka buɗe musu wuta.

Kurakurai biyu a gindin bishiya

Abin da Brahe ya binne ba kaɗan ba ne ga mutum uku: fulawa kimanin kilo 23, shinkafa kilo 9, ɓarzajjen hatsin kunu kilo 27, sukari kilo 27, busasshen nama kilo 7. Da a ce sun zauna nan sun huta suna ci da lissafi, da taimako ya same su. Wills da King sun so a bi sawun Brahe zuwa Menindee. Burke ya ce a'a, a bi kogin zuwa yamma a nufi Dutsen Hopeless, wata gonar dabbobi a Ostareliya ta Kudu mai nisan kilomita 240, hanyar da ba wanda ya sani a cikinsu.

Kuskure na biyu ƙarami ne a ido. Sun saka takardarsu a cikin ramin, suka mayar da ƙasa, suka share wurin tsaf don kada 'yan ƙasa su gane an binne wani abu. Ba su ƙara ko zane ɗaya a jikin bishiyar ba. Ranar 8 ga Mayu Brahe da Wright, da suka haɗu a hanya, suka dawo zangon su duba. Suka ga komai yadda Brahe ya bar shi, suka yi kamar minti 15 suka juya ba su tona ba. A ranar Burke da mutanensa suna gaɓar kogin nan, tafiyar 'yan kwanaki kaɗan. Tsoron ɓarawon da babu shi ya sa suka ɓoye kansu ga masu neman su.

Masu ƙasa

Kogin Cooper ba kogi ne mai gudu kullum ba. Ruwan sama da ake yi can nesa a Queensland ne ke gangarowa wasu shekaru ya malale fadamu, in ya janye ya bar jerin tafkuna, wasunsu masu zurfi da ba sa ƙafewa. Yandruwandha sun san kowane tafki da lokacinsa. Suna kama kifi da koma da suke saƙawa da zaren ciyayi, suna cin agwagin ruwa da ɓerayen daji, suna tara irin ciyayi su niƙa, suna kuma cikin fataucin wani ganye da ake taunawa, pituri, wanda ake kaiwa nesa ƙwarai. Wurin da Turawa suka rubuta a taswira a matsayin hamada, gari ne a wajen masu shi.

Tun ranar da suka tashi zuwa arewa Wills ya rubuta cewa wani babban taron 'yan ƙasa ya dame su da gayyata su zo masaukinsu a yi rawa, suka ƙi, ya ƙara da cewa ba abin da ke korar su sai barazanar harbi, ya kuma siffanta su da kalmomin raini. A zangon Brahe aka kafa kafi na itace, aka riƙa tsare mutane nesa da harbi sama. Wata huɗu baƙi suna zaune a bakin tafkin wasu, dabbobinsu na sha suna tattake gaɓa, ba su nemi izini ba, ba su ƙulla wata hulɗa ba, suna kuma rubewa da ciwon rashin abinci mai kyau alhali kifi na gabansu.

Duk da haka da ukun nan suka gangaro kogin a galabaice, Yandruwandha ne suka tarbe su. Kwana ɗaya da barin bishiyar, aka ba su kifi kimanin kilo biyar da rabi a bakin 'yan guntayen madauri da ashana. Raƙumi ɗaya ya kafe a laka aka harbe shi, ɗayan ya kasa tashi a farkon Mayu. Ba raƙumi ba ɗaukar ruwa, ba ɗaukar ruwa ba Dutsen Hopeless: sun gwada da ƙafa, suka juyo saboda ƙishirwa. Daga nan rayuwarsu ta koma hannun masu ƙasa. Aka riƙa ba su kifi, da gasassun ɓeraye, da wata waina da ake yi da irin wani tsiro mai suna nardoo, har aka ba Wills pituri ya tauna. A littafinsa mutanen da ya raina a Disamba suka koma "abokanmu". Ya kwana a bukkokinsu, suka ciyar da shi har ya kasa ƙarawa.

Burke ne ya yanke igiyar. Wills ya koma bishiyar a ƙarshen Mayu ya binne littattafansa, a bayansa wani ɗan ƙasa ya ɗauki guntun tamfal daga bukkarsu. Burke ya bi shi da libarba ya harba ta saman kansa. Da dare mutanen suka dawo ɗauke da kifi a cikin koma, Burke ya ture kifin daga hannunsu ya sa a yi harbi. A ganinsa idan aka sake musu fuska za su mamaye zangon. A ganin mutanen da suka yi makonni suna ciyar da baƙi kuwa, guntun tamfal ba sata ba ce, ɗan abin da ake tsammani ne daga wanda ya ci abincinka, domin a tsarinsu kyauta tana tafiya ne tana dawowa. Ba a daɗe ba suka kwashe suka bar wurin. A kwanakin nan kuma wuta ta kama bukkar Burke yana gasa kifi, ta cinye kusan duk abin da ya rage musu, sai bindiga ɗaya da libarba.

Sai da ɗan gari akan ci gari. Burke yana da ɗan garin a hannu ya kore shi.

Nardoo: abinci da guba a ƙwaya ɗaya

Nan ne lamarin ya fi ba da darasi na zahiri, don haka ya kamata a bi shi a hankali.

Nardoo tsiro ne na fadama, gajere, mai ganye huɗu a kan kara ɗaya. Yana fitowa bayan ambaliya, in ƙasa ta bushe ya mutu ya bar wasu ƙwayoyi masu tauri, masu duhu, ƙanana da ba su kai ƙwayar wake ba, barbaje a ƙasa. Baƙin sun ci wainarsa a hannun Yandruwandha ba su taɓa ganin inda yake fitowa ba, har suka ɓata kwanaki suna duban bishiyoyi. Sai ranar 17 ga Mayu King ya hango ƙwayoyin a wani fili gindin tudun rairayi. Suka yi murna, suna ganin sun daina dogara da kowa. Suka sami dutsen niƙa a wata bukka da aka bari, suka shiga aiki.

Aikin ba wasa ba ne. Mutum ya wuni a durƙushe yana tsintar ƙwaya, wani ya wuni yana dakawa yana fitar da ɓawo. Wills ya rubuta cewa suna samun kimanin kilo biyu a rana a tsakaninsu. Yana cika ciki, yana kashe jin yunwa, amma mafi yawansa dusa ce da jiki ba ya narkarwa. Wills ya lura da kansa cewa bayan gidan da yake yi ya yi yawa ƙwarai, kuma kusan yadda ya ci abin haka yake fita. Ƙarfin da suke kashewa wajen tsinta da daka ya fi wanda suke samu.

Matsala ta biyu ba a gane ta ba sai bayan fiye da shekara ɗari. Ƙwayar nardoo tana ɗauke da sinadarin tayaminas da yawa, wanda ke farfasa bitamin B1 a cikin hanji. Jiki ba ya ajiye wannan bitamin da yawa, kuma ba ya iya juya abinci ya zama ƙarfi in babu shi. Ƙarancinsa ke kawo cutar beriberi: ƙafafu su mutu, jiki ya yi sanyi, zuciya ta raunana. An san tumaki na mutuwa a Ostareliya idan sun yi kiwo a fadamar nardoo. A 1994 wasu masana biyu, Earl da McCleary, suka kwatanta alamun da Wills ya rubuta da na wannan cuta suka ga sun dace. Ya rubuta ciwon ƙafa da kasa tashi, da jin sanyi mai tsanani, da bugun zuciya da ya sauka zuwa 48 a minti. Ya kuma rubuta abin da ya fi ban tausayi, cewa mutuwar yunwa a kan nardoo ba ta da wani zafi in ban da kasala da kasa motsi, domin ta fannin ci abin yana gamsar da shi.

Yandruwandha sun ci wannan tsiro shekaru aru-aru bai kashe su ba. Suna da matakai. Ana gasa ƙwayar a toka mai zafi, a niƙa ta a dutse ana zuba ruwa, a fitar da ɓawon, sannan a sha ta kamar kunu ko a gasa ta waina. Zafi da yawan ruwa suna rage aikin sinadarin. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, ba su taɓa mai da shi abincinsu kaɗai ba: da kifi ake ci, da nama, da wasu iri, abubuwan da ke mayar wa jiki abin da aka rasa. Duk wanda ya san rogo mai ɗaci ya san irin wannan ilimi. Saiwa ɗaya ce, wanda ya ɓare ya jiƙa ya shanya ya ci lafiya, wanda ya gaggauta ya kwanta. Ba a ganin wannan a jikin waina idan an miƙo maka ita. Sai ka zauna kusa da matan da ke niƙa ka kalli hannunsu, abin da baƙin ba su yi ba sai da lokaci ya ƙure.

Akwai ma misali a cikin tafiyar kanta. A ƙarshen 1860 an aika wasu Turawa biyu, Lyons da MacPherson, su bi Burke da saƙo, dawakinsu suka mutu suka maƙale a daji. Jagabansu ɗan ƙasa, Dick, ya taka da ƙafa ya koma Menindee neman taimako, su kuma suka rayu makonni da nardoo da mutanen yankin suka nuna musu, har aka zo aka ɗauke su.

Bai kamata a ɗora wa nardoo komai ba. Mutanen sun iso Cooper jikinsu ya riga ya ƙare bayan wata huɗu na rabin ciki, ga ciwon rashin ganye, ga sanyin watan Yuni da dare ba su da tufafin kirki. Nardoo ya tarar da rami ne ya ƙarasa tura su.

Wanda ya zama baƙo

A ƙarshen Yuni Wills ya kasa tashi. Shi da kansa ya matsa wa sauran su tafi neman Yandruwandha, domin ya gane babu wata mafita. Suka bar masa nardoo na kwana takwas da ruwa da itace, ya ba su agogonsa da wasiƙa zuwa ga mahaifinsa. Kwana biyu da tafiya Burke ya faɗi. Ya ce wa King ya sa masa libarba a hannun dama, kada ya binne shi. Ya cika da safe. King ya koma ya tarar Wills ma ya rasu, ya rufe shi da rairayi.

Abin da King ya yi daga nan ba dabara ce mai zurfi ba. Ya bi sawun mutanen, yana harbin hankaki a hanya. Da ya same su ya miƙa musu tsuntsayen, suka dafa, suka ba shi kifi da nardoo, suka nuna masa bukkar da zai kwana. Bayan 'yan kwanaki suka nuna masa da hannu cewa ya kama gabansa. Ya yi kamar bai gane ba, ya ci gaba da binsu, yana harbo musu hankaka da shaho. Wata mata, Carrawaw, ta ba shi curin nardoo ta nuna masa da ta ƙara sai dai hannunta na ciwo ba ta iya niƙa. Ya tafasa ruwa ya wanke gyambon ya shafa masa maganin da ke jakarsa. Daga ranar ita da mijinta suke ba shi abinci safe da yamma. Da ya kai su inda gawar Burke take suka yi kuka, suka rufe ta da rassan itace. King ya faɗa daga baya cewa sun riƙe shi kamar ɗaya daga cikinsu.

King sojan talaka ne, ba hafsa ba, ya zauna a Indiya cikin mutanen da ba Turawa ba, ba shi da girman da zai kare. Ya karɓa ya kuma bayar, ya ci abin da aka dafa masa yadda masu shi ke dafawa. Wata biyu da rabi ya yi a haka. Ranar 15 ga Satumba 1861 ayarin ceto na Alfred Howitt ya same shi, ƙashi da fata, sanye da tsumma, amma da rai. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba, ya rasu a 1872 da tarin fuka.

Abin da ya biyo baya

Mutum bakwai tafiyar ta ci. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya fi ɗora laifi a kan Wright saboda jinkirinsa, ya ce himmar Burke ta fi hankalinsa, ya kuma zargi kwamitin Melbourne da sakaci. An kwaso ƙasusuwan Burke da Wills aka yi musu jana'izar gwamnati ranar 21 ga Janairu 1863 a gaban dubban mutane. Stuart kuwa ya kai tekun arewa a Yulin 1862 ya dawo bai rasa mutum ko ɗaya ba, da 'yan mutane kaɗan da dawaki, yana juyowa duk lokacin da ruwa ko guzuri ya gaza ya sake shiri. A kan hanyarsa aka ja wayar tangaraho a 1872.

Howitt ya raba wa Yandruwandha gatura da wuƙaƙe da madubai da sukari, daga baya aka kai wa wasunsu allunan tagulla na ratayawa a ƙirji, an rubuta godiya a jiki da harshen da ba sa karantawa. Ayarorin ceto huɗu da aka tura, na Howitt da McKinlay da Landsborough da Walker, sun dawo da bayanin ruwa da makiyaya fiye da wanda Burke ya taɓa tarawa, kuma wannan bayanin ne masu shanu da tumaki suka bi. Cikin shekarun 1870 aka kafa gonakin dabbobi a gaɓar Cooper, garken shanu suka mamaye tafkunan da aka ciyar da King a bakinsu, cututtuka da kora suka rage mutanen, waɗanda suka saura da yawa suka koma leburori a ƙasar kakanninsu. Sai a 2015 kotun tarayyar Ostareliya ta zauna a bakin tafkin Cullyamurra, kusa da ƙauyen Innamincka, ta amince da haƙƙin Yandruwandha da maƙwabtansu Yawarrawarrka a kan yankin, shekara 154 bayan da Howitt ya tafi da King.